Giyar Diddige

A gidanmu duk wanda zai yi tafiya sai Mama ta watsa masa ruwa a gaba. Tana da wani ɗan bokitin tagulla da ta gada wajen kakata. Shi take cikawa ta tsaya a bakin ƙofa, ta sheƙa ruwan a ƙasa, matafiyi ya taka ya wuce, don tafiyarsa ta gudana kamar ruwa. Ta yi mini ranar da na fara makaranta. Ta yi wa Baba shekara da shekaru, lokacin da yake jan tirela daga nan garinmu Kazanlak zuwa Jamus. Kuma tana yi masa duk ranar Gergyovden, bikin da kowane gida ke gasa rago bayan sanyi ya wuce, in shi da abokansa za su hau babura su haye dutsen Shipka don buɗe hawan shekara. Babur ɗin dai ba ta taɓa sonsa ba. Amma ruwan ba ta taɓa fasawa ba.

Cikin hunturun bara aka yi wa Baba aiki a gadon baya. Ya tashi, amma ƙafarsa ta hagu ba ta tashi tare da shi ba. In yana tafiya sai kan ƙafar ya riƙa jan ƙasa, muna jin sawunsa tun daga tsakar gida: taku ɗaya, ja ɗaya. Likita ya ce jijiyar tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa. Baba rabin farko kawai ya ji.

Da ƙanƙara ta narke ya buɗe Baƙa. Haka yake kiran babur ɗin, wani tsohon ƙato mai ƙugi kamar maƙogwaron kakanmu. Ya hau, ya ce ƙugunsa ba ya son naɗe ƙafa a matakan da ke tsakiya. Sai ya yi odar wasu matakai masu araha, irin waɗanda ake ɗaurawa can gaba kusa da taya, mutum ya miƙe ƙafafu kamar yana kan kujerar hutawa. Birki da ƙarfen giya su ma can suke komawa, a haɗa ƙarfen da injin ta wata doguwar sanda.

Ranar da ya ɗaura su ya zagaya unguwa ya dawo yana zagi. Giya ta ɗaya ba matsala, ita taka ta ake yi ƙasa. Sauran kuwa sai an zura ƙafa ƙarƙashin ƙarfen an ɗaga sama. Duk ɗagawar da ya yi sai giyar ta faɗa firi, injin ya yi ta ihu a banza.

"Ƙarfen banza suka sayar mini," in ji shi.

Mama tana murza ƙullin banitsa, gurasarmu mai cuku, ba ta ko ɗago ba. "Zahari, ji nan. Ranar Gergyovden ka je ƙarshen layin nan ka dawo. In giya ta shiga duka ba kuskure, zan zuba maka ruwa. In ba ta shiga ba, ka zauna ka ci naman rago da mu."

Baba ya ce ya yarda. Daga ranar kuwa muka tare a garejin Kawu Doncho, mai walda, amininsa tun suna soja. Na ce muka, domin ni ce mai tura masa babur in ya gaji, kuma ni ce mai karanta takardar da ta zo da kayan, wadda aka rubuta da wani irin Turanci mai ɗingishi. Ni ba mai son gareji ba ce. Ba na jure ƙarar injin yankan ƙarfe. Nakan zauna kan tsohuwar taya da littafi a cinya, shafi ɗaya in yi ta maimaita shi.

Kawu Doncho ya kama sandar da yatsa biyu ya lanƙwasa ta. "Zaro," ya ce wa Baba, don haka abokansa ke kiransa, "wannan taliya ce ko ƙarfe? Kai dalla, kuɗin giyar shanka ka rage ka sayi na kirki mana."

"Kai dai gyara, tsohon banza. Ba wa'azi na zo ji ba."

"Farfesa," ya juyo gare ni, "duba mana takardar nan, ko sun ce a dafa ta kafin a ɗaura."

Na yi dariya har littafina ya faɗi. Baba ma ya yi. Na daɗe ban ji dariyarsa ba.

Kawu ya yar da sandar, ya yanko bututun ƙarfe mai kauri ya sa mata gaɓa mai juyawa a kowane kai. Inda ƙarfen giyar ke lilo a kan ƙusarsa, ya gogo zoben jan ƙarfe ya cusa, ya cika da giris. Baba ya gwada. Firi.

Wani makon Kawu ya cire ɗan hannun da ke kan haƙoran injin, ya matsar da shi haƙori ɗaya, don ya tsaya daidai da sandar, kada ƙarfin ƙafa ya tafi a banza. Firi. Ya huda sabon rami ya rage nisan ɗagawar. Firi. Kowane yammaci Baba yana da sabon abin zargi: giris ɗin ne, takalmin ne, man injin ne ya tsufa. Kawu kuma sai ya gyaɗa kai ya ɗauko sufana. Ba wanda ya kalli ƙafar.

Rannan suka ɗaga tayar baya a kan jak, Kawu ya ce, "Rayna, hau ki danna mana, ina son in ga sandar tana aiki daga ƙasa."

Ban taɓa zama a mazaunin gaba ba. Ƙafata da ƙyar ta kai matakin. Na matse kuloci da hannu biyu, Kawu yana juya tayar, na zura ɗan takalmina na yadi ƙarƙashin ƙarfen. Wallahi ban ma ɗaga da ƙarfi ba. Ƙas. Na sake. Ƙas. Har ta biyar, kowace ta shiga kamar cokali cikin kindirmo.

Na juyo da murna zan ce ya gyaru. Sai na ga fuskar Baba.

Da na sani da na yi kamar ta ƙi. Amma ba a mayar da ƙarar giya. Rediyon Kawu yana ta tallan taki. Baba ya sunkuya yana kallon ƙafarsa, yana ƙoƙarin ɗaga yatsunsa a cikin takalmi. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Takalmin bai motsa ba.

Kawu ya goge hannu a tsumma, ya daɗe yana gogewa. "Akwai wata dabara," ya ce a hankali. "In ƙara wa ƙarfen wutsiya ta baya. Ka taka gaba da tafin ƙafa, ta sauka. Ka taka baya da diddige, ta hau. Ba ɗagawa ko ɗaya."

"Irin na baburan masu kai madara?" in ji Baba. "Ni? In hau Shipka ina taka giya kamar mai keken ɗinki?"

"Masu keken ɗinki suna isa inda za su, Zaro."

Baba ya ja ƙafarsa ya fita. Ni na turo Baƙa har gida.

Kwana biyu bai yi maganar babur ba. A na uku na same shi a kicin ya ɗora ƙafa a kan murfin tukunya, yana danna gefensa da diddige, murfin yana ƙwal, ƙwal. Da ya gan ni sai ya ce, "Kada ki gaya wa uwarki." Mama kuwa tana bayan ƙofa tana jin komai, hannunta a baki.

Washegari Baba ya sa muka mayar da Baƙa gareji. Kawu ya yi waldar wutsiyar, ya goge ta har tana sheƙi, ya sa mata ɗan faifan roba. Ya ce bai taɓa yin aiki mai kyanta ba, kuma in Baba ya kira ta keken ɗinki sau ɗaya sai ya yanke ta.

Ranar Gergyovden gari ya waye da ƙamshin rago daga kowane gida. Abokan Baba suka jera baburansu a ƙofar gidanmu, tsofaffi masu furfura cikin rigunan fata da suka yi musu kaɗan a ciki. Suna ta tsokanarsa. "Zaro, mun ji an koma ɗinki! Nawa kake yin wando?" Baba ya ɗaure hular kwano bai kula su ba. Mama ta fito da bokitin tagulla cike da ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa.

Ya tayar. Ya taka ta ɗaya. Baƙa ta ja.

Na rufe ido, don kunne ya fi ni jarumta. Injin ya hau, ya hau, sai ƙas, muryar ta sauka. Ta biyu. Ƙas, ta uku. Kawu ya damƙe kafaɗata har na ji zafi. Can wajen gidan burodi ta huɗu ta shiga, ta biyar kuma da ƙyar muka jiyo ta. Tsofaffin nan suka kaure da ihu suna buga tankunansu. Kawu yana cewa, "Kun ji? Kun ji ko? Ko ɗaya ba ta kuɓuce ba!"

Na buɗe ido na hango shi ya juyo. Ya miƙe ƙafafu, ƙirji a buɗe, yana tafe kamar shekarun da nake ƙarama, lokacin da nakan ji ƙugin Baƙa tun daga kwana in ruga in buɗe ƙofa. Ya riƙa sauke giyar ɗaya bayan ɗaya. Mama ta ɗaga bokitin.

Ya iso gabanmu ya taka birki da ƙafar dama. Ta hagu ita ce za ta sauka ta tare babur. Daga can gaba inda matakin yake, hanyarta zuwa ƙasa ta yi nisa. Ta taho a makare, kan ƙafar a sunkuye, yatsun suka fara dukan dutsen daɓe suka lanƙwashe. Ƙafar ba ta san ta taɓa ƙasa ba.

Ba faɗuwa ce mai ƙarfi ba. A hankali Baƙa ta kwanta, kamar saniyar da ta gaji, Baba yana riƙe da kanta har ƙasa. Injin ya mutu.

Suka ruga suka ɗaga ta. Bai ji ciwo ba, gwiwar wandonsa ce kawai ta yage. Ya zauna a gefen titi ya cire hular. Ba wanda ya yi tsokana.

"Doncho," ya ce, "sun shiga. Duka biyar."

"Na ji su, Zaro."

"Aikinka ya yi kyau."

Kawu ya juya baya yana duba madubin da bai fashe ba.

Mama tana tsaye da bokitin. Sharaɗinta ya cika, kowa ya sani. Ta dubi Baba, ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba, "Na yi alkawari, Zahari. In ka ce in zuba, zan zuba."

Baba ya daɗe yana kallon hanyar da ta miƙe zuwa Shipka, inda dole mahayi ya riƙa tsayawa a lanƙwasar hanya a kan gangare, ga rami a ƙasa kuma ba shinge. Sannan ya miƙo mini hannu na taimaka masa ya tashi. Nauyinsa duka a kafaɗata ya sauka. Taku ɗaya, ja ɗaya, har gaban Mama. Ya karɓi bokitin daga hannunta.

"To me kuke jira?" ya ce wa abokansa. "Ku tayar mana, rana tana yi."

Suka tayar ba tare da sun kalli juna ba. Baba ya tsaya a bakin ƙofa, daidai inda Mama take tsayawa duk shekara, ya sheƙa ruwan a gaban tayoyinsu. Bai iya ba, rabin ya zube masa a takalmi. Suka taka suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowa ya bar ɗan layin jiƙa a kan titi.

Ya tsaya yana sauraron giyarsu har ƙarar ta ɓace. Takalminsa na hagu ya jiƙe sharkaf. Ni na gani, Mama ta gani. Shi bai ji ba.