Ayun Da Ba Ta Rubuta Ba

"Ƙaramar ce mai ido."

Shiru, kamar yadda ake kiranta saboda rashin maganarta, tana shanya rigunan ruwa a bayan ofis ta ji maganar ta taga. Dakta ce ke faɗa wa direba, a saukake, kamar mai cewa yau an yi rana. Direba ya ce haka ne.

Ƙaramar ita ce Auta, ƙanwarta ciki ɗaya, wadda wata biyu kacal ke nan da fara shiga jirgi. Shiru kuwa damina uku tana bin Dakta, tun da matar ta zo binciken ayu, dabbar ruwan nan, ta ɗauki Baba ya riƙa tuƙa ta a kogi. Shiru ce ta iya bambanta ciyawar da ayu ya ci da wadda saniya ta ci. Ita ke tsamo kashinsa in ya taso, ta sa a kwalba, ta rubuta rana. Auta ko kwalbar aka miƙa mata sai ta toshe hanci. Amma Auta akwai baki, ko kwaɗo ta gani sai ta ba da labarinsa har Dakta ta yi dariya.

Ga shi ruwa ya fara ja. Nan da sati biyu babban jirgi ba zai shiga lunguna ba, sai ƙaramin kwalekwale, shi kuwa mutum uku yake ɗauka: Baba, Dakta da nata katin, da mai kallo ɗaya. Kullum Shiru takan ɗauko tambayar wa za a ɗauka tun daga gida, ta kawo ta har ƙofar ofis, ta mayar da abarta.

Dakta tana da ƙa'ida. Masu kallo biyu ne a gaban jirgi, tabarma a rataye tsakaninsu, kowa da katinsa da fensir da agogo. Ba magana, ba nuni. Ayu ba ya nuna jiki, hanci kawai yake ɗagowa ya shaƙi iska ya koma. Sai lokaci ya zo ɗaya a katunan biyu ake ƙirga shi.

"Ido ɗaya yakan ga abin da ransa ke so," in ji Dakta.

Ranar Talata Baba ya kashe inji a bakin wani lungu, ya kafa gora ya riƙe jirgin. Dakta na baya, ta sunkuya tana auna zurfin ruwa. Can kusa da ciyawa ruwan ya ɗan kumbura, ƙofofin hanci biyu suka buɗe. A gefensu wasu biyu, ƙanana. Uwa da ɗa. Damina uku Dakta na neman ɗan ayu ba ta samu ba.

Hannun Shiru ya riga tunaninta, ya rubuta tara da arba'in. Sai ta ji ƙarar fensir ta bayan tabarma, da sauri-sauri, har da ɗan numfashin nan da Auta ke yi in murna ta kama ta. Shiru ta san yadda za a yi. Auta za ta ba da labari a jirgi, ta ba da a mota, ta ba da a gida, har a manta cewa kati biyu ne. Shiru ta juya fensir, ta goge abin da ta rubuta.

Da suka fito gaɓa Dakta ta jera katunan a kan cinyarta. Ta daɗe tana dubawa.

"Ɗaya ne. Ba za a ƙirga ba."

"Wallahi na gani, Dakta. Har da ɗansa."

"Na ji, Auta. Kati ɗaya ne."

Baba yana naɗe igiya ya ce, "Ko dai kututture ne ya haihu?" Direba ya yi dariya, Auta ta turo baki.

Da yamma suna wanke-wanke. Can Auta ta ce, "Ƙila dai kututturen ne, Yaya. In ke ba ki gani ba, ai babu."

Shiru ta ci gaba da cuɗa kwano ɗaya har kumfa ta ƙare. Da zaginta Auta ta yi, da ya fi mata sauƙi.

Washegari Shiru ta riga Auta zuwa ofis. Ɗaki ɗaya ne, tebur da kujeru biyu, kwalabe jere a kan kanta, taswirar kogi a bango an soka mata allurai masu jan kai, kowace allura ayu ɗaya. Lungun jiya ba allura. Dakta na tsaye bakin taga, ta karkata wani kati tana haska shi da rana.

"Kina danna fensir da yawa," ta ce, ba ta juyo ba. "Damina uku ban taɓa ganin gogewa a katinki ba."

Shiru ta dubi ƙafafunta.

"Tara da arba'in. Uwa na hagu, ɗan na dama, wajen ciyawar da ta kwanta. Sau biyu suka taso."

"Auta sau ɗaya ta rubuta."

"Tana rubutu ta ɗauke ido. Ni ba na ɗaukewa."

Dakta ta ajiye katin a tebur, ta tura mata fensir. Shiru ta miƙa hannu, sai Dakta ta dafe shi da yatsa.

"Abin da aka rubuta a ofis ba kallo ba ne. Wannan ya wuce. Sai mun koma mun zauna, in Allah ya sa suna nan. Ƙanwarki kuma ke za ki faɗa mata, ba ni ba."

"To."

A waje ta jiyo muryar Auta tana tsokanar direba, tana tahowa. Shiru ta riƙe bakin tebur. In ta bari Auta ta shigo, ta san yau ma da abarta za ta koma gida.

"Dakta," ta ce, muryar da ƙyar take fita, "in ruwa ya ja, wa za ki ɗauka?"