Ƙulli Biyu a Igiyar Inna

Hamida na durƙushe gaban farar motar, ta danne bakin igiya a jikin fitilar hagu tana jan ɗaya bakin zuwa ta dama, sai yayanta Alhaji Abdul'aziz ya ce, "Don girman Allah tashi, mutane na kallonmu."

"Su kalla, Yaya. Ni aiko ni aka yi."

Aiken kuwa na mahaifiyarsu ne, Inna Gwamma, can Dapaong. Shekara biyu ke nan ciwon gwiwa ya hana ta fita ko bakin lungu. To ga bikin jikarta Zahra, 'yar Alhajin, ranar Asabar a nan Sokodé, tsohuwa kuma ta rantse sai ta ga an sa wa yarinyar lalle da idonta. Shi ne Alhaji ya ce zai sayi katkat, irin manyan motocin nan da ba ruwansu da rami, ya je ya ɗauko ta har ƙofar gida. Da labari ya kai wa Inna, ba ta ce fara ba, ba ta ce baƙa ba. Igiyar shanya ta ba direban motar haya ya kawo wa Hamida, da ƙulli biyu a jiki. Inna mace ce da ta shekara arba'in tana auna atamfa a kasuwa, abin da ba a auna ba ba ta yarda da shi. Ƙullin nesa shi ne faɗin lungunsu. Na kusa kuwa, iyakar inda ƙafarta ke iya ɗagawa daga ƙasa.

Alassani dillali ya jera motoci uku a bakin kwalta, bakinsa ba ya hutawa.

"Farar nan, Alhaji, mutum takwas take ɗauka, man gazuwal take sha, shi ma kamar mai azumi. Amma baƙar fa! Kujerun fata, kilim, na'urar sanyi, gaba da baya, sanyi har sai ka nemi bargo. Ka hau ta, duk wanda ke kan babur hularsa kawai za ka gani."

Hamida ta auna fara: ta wuce ƙulli da yatsa huɗu. Ta auna baƙa: igiyar ma ba ta kai ba. Ta koma wajen ta uku, wata ruwan toka da aka tura gefe, kujerar bayanta da ɗinki. Faɗinta ya tsaya cif a kan ƙulli, ga kuma matakala a gindin ƙofa, daidai ƙullin kusa.

"Yaya, ga motar Inna."

Alhaji ya dube ta, ya dubi motar. "Wannan? Ai sai a ce masu allurar rigakafi sun zo unguwa. Ranar bikin 'yata, surukaina na tahowa daga Tchamba, in fito daga wannan?"

"Ba kai za ka sha wahalar shiga ba."

"Hajiya," in ji Alassani yana dariya, "mota ai ba zane ba ce da za a auna da kamu."

"Lungun ma ba roba ba ne, Malam."

Ta faɗa sau uku. A na huɗu Alhaji yana cikin baƙar, ya rufe gilashi, yana jin sanyi da idanu a lumshe. Hamida ta naɗe igiyarta ta jefa a jaka, tana magana ita kaɗai har gida.

Baƙar ya saya. Ranar Alhamis suka kama hanya bayan asuba. Suka wuce Kara, suka wuce Mango, kuma gaskiya motar tafiya take kamar kana kwance a gado. Hamida ma ta yi gyangyaɗi, amma ko da wasa ba ta yaba ba. Ana kiran azahar suka shiga zangon Dapaong.

A bakin lungu motar ta sa hanci ta tsaya. Aka naɗe madubai. Aka ja baya, aka sake gwadawa. Hagu katangar masallaci, dama kwata. Maƙwabta suka fito kowa na ba da shawara, wani na cewa a karya kwana, wani na cewa a rage iskar taya. Hamida ta harɗe hannu tana kallonsu.

A ƙarshe Inusa mahauci ne ya wanke keken nan nasa mai ƙafa uku da yake kai nama kasuwa, aka shimfiɗa katifa, aka fito da Inna Gwamma cikin leshinta na biki, ƙudaje biyu-uku na rakiya. Alhaji na biye, kansa a ƙasa.

Da aka iso gaban motar, Inna ta ɗaga kai ta dubi ƙofar, can sama kamar taga.

"Hamida, ba ni igiyata."

A gaban kowa ta auna, a hankali, yadda take yi wa mai sayen turmin atamfa. Sannan ta juyo.

"Ke ba ki auna ba ne?"

"Inna, wallahi na auna! Sau huɗu ina faɗa masa..."

"Shi ai kin san shi. Tun yana yaro takalmin da ya fi ƙafarsa yake zaɓa. Shi ya sa ke na aika wa igiyar, ba shi ba."

Hamida ta koma cikin gida da sauri, don kada ta faɗi abin da za ta yi istigfari a kansa, ta ɗauko 'yar kujerar da ake zama a kai wajen tuƙa tuwo. Inna ta taka ta, Inusa ya tallafa ta nan, Alhaji ta can, da bismilla da nishi har ta zauna. Kujerar kuwa, da toka a ƙafafunta, Alhaji ya ce kada ta taɓa masa fata, sai Hamida ta rungume ta a cinya.

A hanyar komawa, sun kusa Bombouaka, Alhaji ya leƙo ta madubi, muryarsa ta ɗan dawo.

"Inna, kin ji sanyi ko? Kilim ke nan, har baya yake kaiwa. Saboda ke na zaɓe ta."

Inna ta ja mayafi ta rufe ƙafafunta.

"Allah ya yi maka albarka. Kashe shi, yana shiga mini gwiwa."