Makero a Wuyan Temuulen

Temuulen ya zo Japan daga Mongoliya ne saboda kokawa. Wata jami'a a Saitama ta ɗauke shi, ta haɗa shi ɗaki ɗaya da Ganzorig, ɗan ƙasarsu da ke shekarar ƙarshe. Ganzorig ne ya koya masa hawa jirgin ƙasa, shi yake karanta masa rubutun jikin kwalin abinci, shi kuma yake dafa musu miyar naman rago idan kewar gida ta taso. Temuulen kuwa Yaya yake ce masa. Ajin nauyinsu ɗaya, kuma mutum ɗaya koci zai tura babbar gasar ɗalibai.

Ana saura kaɗan a yi zaɓen wanda zai je, wani jan tabo mai kewaye ya fito wa Temuulen a wuya, yana ƙaiƙayi. Koci na gani ya ce ya sauka daga katifar kokawa, sai likitan fata ya duba shi. Japanancinsa bai wuce gaisuwa da sunayen kamun kokawa ba, don haka Ganzorig ya ce zai raka shi.

Likita Mizuno, wata dattijuwa mai saurin magana, ta kankare gefen tabon ta duba a madubin likita. Ta yi dogon bayani tana kallon Ganzorig. Temuulen dai gyaɗa kai yake yi kamar yadda ya saba.

"Makero ne, mugun irin," in ji Ganzorig da yarensu. "Ta ce kada ka taɓa jikin kowa sai bayan wata biyu. Ka yi haƙuri, ƙanena."

Haka ya faɗa wa koci ma. Temuulen ya koma zama a gefe yana kallon atisaye. Ranar da Ganzorig zai tafi gasar, shi ya riƙe masa jaka har tasha.

Ranar komawa asibiti ta faɗo Ganzorig ba ya nan, sai Temuulen ya tafi shi kaɗai. Likitar ta duba wuyan, ta ce ya warke sarai. Ganin ba mai fassara, sai ta rage sauri, tana jera kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai magana da ƙaramin yaro. Ta tambaye shi yaya gasa. Ya ce bai je ba, ai ita ta hana. Ta ajiye abin da ke hannunta, ta jawo wayarta ta yi magana a ciki, wayar ta juya masa zuwa yarensa. Abin da ta ce tun farko shi ne ya shafa magani na 'yan kwanaki, ya rufe wurin, ya koma kokawa. Ta ma maimaita wa abokinsa don kada a samu kuskure.

Ya sunkuya ya yi mata godiya, ya fita. A bakin wurin karɓar magani ya zauna, har aka kira sunansa bai ji ba.

Ganzorig ya dawo an fitar da shi tun zagayen farko. Temuulen ya bari ya ajiye kaya, sannan ya ce masa shi fa ya koma asibiti, kuma likita ta yi masa magana da kanta. Ganzorig bai musa ba. Ya ce shekararsa ta ƙarshe ce, mahaifinsa bai taɓa ganin sunansa a gasa ba, Temuulen kuwa yana da sauran lokaci a gaba.

"Da ka roƙe ni, Yaya."

"Da za ka bar min?"

Temuulen ya san ba zai bar masa ba.

Bai kai ƙara wurin koci ba. Ko ya so, ba shi da kalmomin da zai yi bayani da su. Suka ci gaba da kwana ɗaki ɗaya har Ganzorig ya kammala. A duk jami'ar mutum ɗaya ne ke jin yarensa, shi ne kuma wanda ya daina yi wa magana.