Kunnen Falalu

Hafiza malamar firamare ce a Talata Mafara. Kullum takan dawo gida da hayaniyar yara cike da kanta, ba abin da take so irin ta samu wuri shiru ta miƙe ƙafa. Sai Allah ya haɗa ta aure da Falalu, wanda sana'arsa haɗa kiɗan rawa a kwamfuta, irin mai bugun nan da ba ya tsayawa, wanda ba mawaƙi a cikinsa sai ɗan guntun murya da ake yankowa a yi ta maimaitawa. Tana son mijinta, kiɗan kuwa haƙuri kawai take yi da shi.

Falalu ya faro ne daga shagon tura waƙoƙi a waya a bakin kasuwa. A nan ya koyi sarrafa sauti, ya ɗauko muryar kalangu ya ɗora ta a kan bugun inji, ya fitar da kiɗansa na farko mai suna Kwanar Bakura. 'Yan kabu-kabu ne suka yaɗa shi, kowane babur ka hau shi ke tashi. Bayan shi ya fitar da Noman Rani, wanda ya hau intanet har wani mai saka kiɗa a Jos ya nemo lambarsa. Daga nan gayyatar biki ta yi yawa. Shi da Lukman, yayan Hafiza kuma mai manyan sifiku, sukan loda kaya a akori-kura su nufi Bakura ko Maradun, su yi wasa da rana su dawo kafin magariba saboda halin da hanya take ciki. Shekaru Falalu ya yi yana tsayawa dab da sifika, kullum tana gefensa na hagu.

Hafiza ce ta fara lura da wani abu, amma ta yi masa mummunar fahimta. Takan kira shi daga madafa ya yi shiru, sai ta ɗauka fushi yake yi. 'Yarsu Amira ta yi ta magana a gefensa bai waiwayo ba. In waya ta shigo, ya kara a kunnen hagu, sai ya yi sauri ya mayar da ita dama.

Ana haka ya fitar da kiɗansa na uku, Tashar Mota. Mako bai zagayo ba Lukman ya zo gidan, ya tarar Falalu ba ya nan. Bayan sun gama gaisawa da Hafiza, an tambayi mutan gida da gajiya da yara, sai ya zauna a bakin tabarma yana juya makullin mota.

"Hafiza, kin saurari sabon kiɗan mijinki?"

"Ka san ni, Yaya. Daga nesa ni kan ji shi."

"To wanga ko daga nesa ba ya jiyuwa. Akwai wata ƙara siririya a samanshi, kamar ana kankare tukunya. Jiya a Bakura mata sunka toshe kunne. Na hwaɗa mai, ya ce sifikuna ne sunka lalace. Sifikuna lahiya lau suke."

Da ya tafi, Hafiza ta daɗe zaune tana haɗa wannan da wancan. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Falalu na cin tuwo a tsakar gida, ta zo ta zauna ta hagunsa, ta ce a hankali, "Baban Amira, in ƙaro maka miya?"

Ya ci gaba da cin abincinsa. Ta sake faɗa, ta ɗan ɗaga murya. Ko gezau. Sai ta tashi ta zagayo ta dama ta zauna.

"Tun yaushe kunnen ga ya daina ji?"

Ya tsayar da loma a hannu. Ta ga yana shirin musu, sai kuma ya fasa, ya mayar da tuwon cikin kwano.

"Tun damina," in ji shi. "Da farko ƙugi ya riƙa yi, kamar an bar rediyo ba tasha. Na ce zai wuce."

"Mi ya hana ka gaya min?"

"In na hwaɗa, ya zama gaskiya ke nan."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ɗebo ruwa ya wanke hannu, ta ce za ta nemi izini a makaranta su tafi Sakkwato.

Likitan da ya duba shi a can bai ɓoye masa komai ba. Jijiyar kunnen hagu ta riga ta lalace, ba ta dawowa. Na daman yana nan, amma shi ma ya fara rasa siraran sautuka, shi ya sa yake ƙara su a kiɗa har su yi yawa bai sani ba. In yana son ya tsira da abin da ya rage, to shi da tsayawa gaban sifika har abada, kuma ya daina toshe kunne da abin sauraro.

Da suka iso gida Falalu ya shiga ɗan ɗakin da yake aiki a ciki, ya lulluɓe kwamfutar da tsohon zane, ya ja ƙofa. Ya bar wa Lukman harkar biki gaba ɗaya. Akwai gonar rani da mahaifinsa ya bar musu a wajen Maradun, inda ruwan Bakolori ke ratsawa, sai ya koma can yana noman tumatir da shinkafa tare da 'yan'uwansa. Yakan fita da safe ya dawo da la'asar da taɓo a ƙafa.

Gidan ya yi tsit, irin shirun da Hafiza ta daɗe tana nema. Makon farko ta ji daɗinsa. Daga baya ya fara damunta, don mijin da ke dawowa daga gona ba ya dariya, ba ya tsokanar Amira, ba ya ƙorafin komai. Wata rana ta gan shi zaune yana jiran abinci, yatsunsa na buga gefen faranti, wani bugu mai tsari da yake ta sakewa yana gyarawa. Da ya ga tana kallonsa sai ya janye hannun.

Da aka yi hutun makaranta, ta buɗe ɗakin ta share, ta yaye zanen, ta jona kwamfutar da batirin sola. Ya dawo ya tarar da ita zaune a kan kujerar roba a gefen tasa.

"Ban san yadda ake kunna ta ba," ta ce. "Zo ka kunna."

"Don mi? Kin ji abin da likita ya ce."

"Ya ce kar ka tsaya gaban sifika, kar ka toshe kunne. Bai ce kar ka taɓa kwamfuta ba. Ka sa ƙarar ƙasa-ƙasa. Abin da ba ka ji, ni in ji maka."

"Ke da ba ki son kiɗan?"

"Ba ni son shi. Amma kunnuwana biyu lahiya suke, kuma hutu nike."

Ya yi murmushi, na farko cikin watanni, ya je ya wanke ƙafa ya dawo.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Shi yana ganin sauti a fuskar kwamfuta kamar zane, bugun ƙasa kuma yana jin sa a tafin hannu in ya dafa tebur. Siraran na sama ne sai ya dube ta. Ita kuma ba ta san sunan komai ba, sai ta riƙa faɗa da abin da ta sani. Ta ce wannan kamar cokali ne ya faɗi a siminti, a rage shi. Wancan kamar an rufe mai magana da bargo, a buɗe shi. Wani kuma ta ce yana soya kunne kamar an jefa albasa a mai. Da farko dariya yake yi, daga baya ya gane kowace magana tata da maɓallin da take nufi.

Sun yi saɓani sau ɗaya mai ɗan zafi. Akwai wani wuri a tsakiyar kiɗan da ya cire komai ya bar bugu ɗaya tal yana tafiya, ya daɗe.

"Nan ya yi tsawo," in ji ta. "Mutum sai ya gaji."

"Ƙara na tambaye ki, Hafiza. Ban tambaye ki daɗi ba."

Ta tashi ta fita ta hau tsintar shinkafa, ranar ba ta koma ba. Washegari ya same ta a madafa ya ba ta haƙuri a kan yadda ya yi maganar, amma ya ce wurin yana nan yadda yake, don ya san abin da ƙafar mai rawa ke jira. Ta ce ya bar shi, kiɗansa ne. A wani wurin kuma da ta ce muryar kalangun ta nutse, ya musa, sai da Lukman ya zo ya saurara ya ce ƙanwarsa ta fi shi gaskiya.

Kafin a koma makaranta sun gama kiɗa huɗu. Ya haɗa su ya sa musu suna Bayan La'asar, don lokacin da suke aiki ke nan. Ya so ya rubuta sunanta a jiki, ta ƙi, ta ce ba ta son iyayen yara su riƙa yi mata wani kallo a bakin makaranta. Suka tsaya a kan ya rubuta Maman Amira.

Bayan La'asar bai kama gari kamar Kwanar Bakura ba. 'Yan kabu-kabu sun ce ya cika sanyi. Amma mutumin nan na Jos ya saka shi a wurin wasansa, ya turo musu bidiyo, kuma daidai wurin da Hafiza ta ce ya yi tsawo, nan jama'a suka ɗaga hannuwa suna jiran sauran kiɗan ya dawo. Ta kalla sau biyu, ta miƙa masa wayar ta ce, "To, ka ci wannan." Daga baya wasu masu tallar rediyo a Gusau suka fara kawo masa aiki, wasu matasan mawaƙa kuma suka riƙa zuwa daga Bakura yana haɗa musu kiɗa. Bai bar gona ba. Kunnen hagu bai dawo ba, na daman kuma likita ya ce ya tsaya inda yake.

Hafiza ta koma aji, amma la'asar ta zama ta ɗakin aiki. A hankali ta san sunayen maɓallan, har ta daina kiran cokali da albasa sai in tana son ba shi dariya. Wani abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne akwai wani ɗan bugu da ya maƙale mata a kai, wanda 'yan ajinta mata ke yi da tafi lokacin tara. Ta yi kwanaki tana jin yadda zai zauna a kan bugun inji.

Wata Asabar da safe, Falalu na ɗaure buhunan taki a bayan babur, ta fito ta tsaya kusa da shi.

"Baban Amira, ina son ka nuna min yadda ake jera bugun da kaina."

Ya dube ta. "Wani abu kika ji?"

"Wataƙila. Ban sani ba ko zai yi."

"Bari in dawo daga Maradun. Yau muna ɗibar tumatir, amma ba ni kai la'asar."

Ya tayar da babur ya tafi. Ta gama shara, ta ɗora wake a wuta, ta ba Amira abin karyawa. Sai ta ga ba za ta iya jira ba. Ta shiga ɗakin ta zauna a kujerarsa, ta kunna kwamfutar yadda ta saba ganin yana yi, ta fara jera ƙananan akwatunan bugu a fuskar kwamfutar ɗaya bayan ɗaya. Da ta saurara, bugun ya fito a karkace, bai yi kama da tafin yaran ba ko kaɗan. Ta tafa hannunta a hankali don ta tuna yadda yake, ta kama na ukun, ta matsar da shi gaba kaɗan, ta sake kunnawa.