Lamba Ta Ɗaya a Cikin Leda

Duk wanda ya san Malam Zubairu a Gwandu ya san adakarsa. Tsohon malamin firamare ne, mutum mai haƙuri da komai ban da abu guda: a taɓa masa wannan akwatin ƙarfe da ya ɗora bisa bulo huɗu don kada gara ta kai gare shi. A ciki akwai littattafan zane ashirin da huɗu, irin waɗanda ake ba da labari da hotuna, magana tana fitowa daga bakin mutane a cikin 'yan da'irori. Sunansu Gwarzon Gulbi, labarin wani masunci ne mai suna Ɗanjuma, kuma an daina buga su tun Malam yana saurayi. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana haɗa su. Lamba ta sha bakwai ma a hannun wani mai tsire ya ƙwato ta a Kambaza, ana shirin naɗe nama da ita.

Kowanne yana da ambulan ɗinsa, an shimfiɗa busasshen ganyen darbejiya a ƙasan adakar. Ba a buɗe ta da damina sai dole, ba a buɗe ta bayan an ci abu mai maiƙo. Matarsa Jummai, shekara talatin da takwas suna tare, ko bangon ɗaya ba ta taɓa ɗagawa ba. Sharar ƙarƙashin adakar ce kawai rabonta.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne majalisa. Tsofaffi ne da gemu fari fat, amma ba su da aiki sai kiransa "Malam mai littafin yara", kuma shugaban masu tsiyar shi ne amininsa Alhaji Umar Faruk. Malam yakan yi dariya tare da su, amma abin yana yi masa ciwo ƙwarai.

Sai ga dama ta samu. Wani malamin jami'a daga Sakkwato, Dakta Abdulrasheed, wanda aikinsa ke nan bin diddigin irin waɗannan littattafai, ya ji labarinsa ya kira shi. Ya ce yakan duba littafi ya ba shi maki daga ɗaya zuwa goma: tsabtar bango, lafiyar kusurwoyi, ko 'yan wayoyin da suka riƙe tsakiya sun yi tsatsa. Ya ce bai taɓa ganin lamba ta ɗaya da ta wuce maki shida ba. Malam ya kusa sakin wayar. Tasa lamba ta ɗayan sabuwa ya saye ta, sau ɗaya tak ya karanta ta, ko lanƙwasa ba ta da ita. Suka tsayar da ranar Asabar. Nan take ya aika wa Alhaji Umar Faruk cewa lallai ya zo, ya ji da kunnensa.

Daga ranar kuma Jummai ba ta sake hutawa da mitar Malam ba.

"Mutum ya taho tun daga Sakkwato cikin zahin ga, hannu duk zuhwa," in ji Malam, yana kai da kawowa a tsakar gida. "Shi ɗora yatsa bisa bangon, shi ke nan tabo ya zamna har abada. In ya yi atishawa hwa?"

Da safe wannan, da yamma wannan, har tuwo ya daina shiga. Ranar Laraba ya duba su na ƙarshe, ya kulle adakar, ya ce ba mai sake buɗe ta sai Dakta ya iso, don iskar damina tana ɗauke da laima. Ya cusa makullin a ƙarƙashin buzun sallarsa, inda yake ganin ba wanda ya sani. Jummai kuwa ita ce mai kakkaɓe buzun nan kullum.

Ranar Alhamis ta tafi Kalgo sunan jikar ƙanwarta, ta kwana ta dawo Juma'a, fuskarta wasai kamar wadda aka yi wa albishir.

Asabar da hantsi Dakta ya iso. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, Alhaji Umar Faruk ya zauna yana murmushin mugunta. Abin da Dakta ya fara yi shi ne ya ciro farar safar hannu daga jakarsa ya saka. Malam ya ji kamar ya rungume shi. Ashe duk fargabar nan ta banza ce!

Aka fara daga ƙarshe, don Malam yana so a rufe da mai kyau. Wannan bakwai, wancan biyar da rabi. Ta mai tsire ta sami uku saboda ɗigon mai. Dakta yana dubawa yana jinjina kai, har Alhaji ya fara gyara zama. Da aka zo ambulan na ƙarshe, na lamba ta ɗaya, Malam ya ɗauko shi ya ji ba nauyi. Ya leƙa. Ya zazzage. Ba komai a ciki sai ganye guda.

Kafin ya sami bakin magana, sai ga sallamar Jummai daga bakin ƙofa, ta miƙo wani abu naɗe cikin sabon ɗankwali.

"Ga shi, Malam. Na ce sai baƙo ya zo in hito da shi. Yanzu ko ruwa anka zuba mishi ba abin da ka samu nai."

Malam ya warware ɗankwalin. Lamba ta ɗaya ce, amma an cire wayoyin tsakiyarta, an raba shafukan ɗaya bayan ɗaya, an saka kowanne a leda an gasa da inji, yadda ake yi wa takardar shaidar makaranta. Sannan an huhhuda gefen an zura baƙin zoben roba daga sama har ƙasa. Sai ƙyalli take yi. Ko kusurwoyin an datse su da almakashi an zagaye su, don kada su soki mutum.

"Mi kinka yi?" Malam ya ɗaga mata shi. "Jummai, mi na wanga?"

"Laminetin mana. Shagon Lukuman, mijin Hafsat ɗiyar ƙanwata, can Kalgo. Ba kai kac ce kana tsoron zuhwa ba? Takardun gidan ga da na fansho duk ba hakanan munka yi musu ba? Leda mai kauri nis sa ya yi amfani da ita, nit tsaya bisa kanshi har ya ƙare."

To, a nan ne fa abin haushin yake. Da ɓarawo ne, da Malam ya san abin da zai yi. Da gara ce, da ya ce ƙaddara. Amma matar nan ta bar shagalin suna, ta tsaya awa biyu a shago mai zafi kamar tanda, don dai mijinta ya samu ya ci tuwo. A garin nan kuwa wa ke da takarda mai daraja ya bar ta tsirara?

Dakta ya karɓa ya jujjuya. Ya ɗaga bangon ya duba a haske, ya daɗe yana kallo.

"Baba, wallahi ban taɓa ganin mai launi irin wannan ba. Da goma ce, ko tantama babu."

"Yanzu hwa?"

"Yanzu ba ta da maki. Ledar ta narke ta kama takardar, in aka ce za a ɓare, da zanen za ta taso." Ya cire safar hannunsa a hankali, ya mayar cikin jaka.

Alhaji Umar Faruk ya buɗe baki, ya dubi fuskar amininsa, ya mayar ya rufe. Ya ce yana da ɗaurin aure a Dodoru, ya nemi takalmansa. Ko tsiyar ma Malam bai samu ba, kuma wannan ya fi yi masa zafi.

Bayan baƙi sun tafi ya shiga gida ya zauna a bakin gado, abin yana kan cinyarsa. Ya tanadi faɗa na shekara guda, ya rasa ta inda zai fara. Jummai ta shigo ta tsaya jikin ƙofa, idonta ya yi ja.

"Malam, ka yi haƙuri. Ni gyara niy yi nuhi."

Ya ci gaba da jujjuya shafukan ledar.

"Cikin mota nik karanta shi, daga Kalgo har gida," ta ce, murya ƙasa ƙasa. "Tunda ya shiga leda, na ga ko na taɓa ba shi ɓaci. Har mun wuce inda za ni sauka ban sani ba." Ta nuna littafin da haɓa. "Ashe daɗi gare shi haka? Shekara talatin da takwas ina share ƙarƙashinshi."

Malam ya ɗago ya dube ta. Duk tsawon shekarun nan yana neman wanda zai ce abin nan ba shirme ba ne, har sai da ya jira wani daga Sakkwato. Bai taɓa tunanin ya miƙa wa wadda ke kwana ɗaki guda da adakar ba. Kunya ta kama shi, ta haɗu da haushin, ya rasa wanne ya fi.

"Sun ɗaure Ɗanjuma cikin kwalekwale sun sake shi ga ruwa, nan labarin ya tsaya," in ji ta. "Ya mutu?"

"Ina ruwanki!" ya daka mata tsawa.

Ta juya za ta fita. Sai ta ji ƙarar murfin adaka a bayanta. Malam ya ciro ambulan na biyu, ya riƙe shi a ƙirji kamar za a ƙwace, yana harararta.

"Tahi ki wanke hannu da sabulu, sau biyu, ki goge su bushe," ya ce. "Kuma nan za ki zamna gabana ki karanta. In nis sake jin sunan Lukuman cikin gidan ga, Jummai, ni da ke ne."

Ta fita da sauri, yana jin ta tana neman buta.