Fuskar da Ta Tsaya a Allo

Ina tsugune ina laluben soket a bayan gadonsa ya buɗe ido, ya ga abin da na shigo da shi.

"Akwalar taka ka kawo mini? Ashe ciwon nawa ya yi nisa."

Maƙwabcina ne, mai zanen gidaje. Tun da ya tare a layinmu muke musu a kan kwamfuta. Tasa fara ce sumul, kamfani ɗaya ya ƙera ta ciki da waje, kuma yakan rantse ba ta taɓa tsaya masa ana tsakar aiki ba. Tawa ni na harhaɗa ta da hannuna. Takan daskare, amma in na kashe na kunna sai ta tashi. Nakan ce masa wanda bai saba faɗuwa ba bai iya tashi ba. Yakan ce wannan hujjar guragu ce.

Ranar dai tasa ta ƙi. Tun safe ta shiga sabunta kanta, ta maƙale a nan. Likita ya sallamo shi gida ba don ya warke ba. Autarsa tana karatu a nesa, jirginta sai jibi, shi kuma ya kafe sai ya ga fuskarta, ga idonsa ya daina gane mutum a allon waya.

Kira ya shiga. Yarinyar ta gaishe shi, ta tsokane shi a kan gemun da ya bari ya yi buzu-buzu. Tana cikin murmushi hoton ya tsaya cak. Na motsa linzamin kwamfutar, kibiyar da ke allo ba ta motsa ba.

Na san halin kayana. Kafin ta sake tashi, sai a dafa shayi a shanye. Numfashinsa kuwa guntu-guntu yake fita. Matarsa ta dube ni, na dubi ƙasa. Na miƙa yatsa ga makunni, na janye, na sake miƙawa.

Shi bai lura ba. Ya ce wa yarinyar ya yafe mata abin da ta faɗa masa ranar tafiyarta, ita ma ta yafe masa. Ya ce yau ce rana ta farko da ba ta katse shi ba, 'yar nema.

Sai ya juyo da kai kaɗan.

"Maƙwabci, tana ji na kuwa?"

"Ci gaba, ga ta nan tana kallonka."

Har yau ina auna wannan amsa, na kasa sanin ko ƙarya ce.

Ko da wayar matarsa ta yi ƙara, yarinyar ce ke kira, ya riga ya daina magana. Matar ta bar ta tana ƙara, ta sunkuya tana laƙƙana masa kalmar shahada.

Da la'asar aka fita da shi. Na koma ɗakin ɗaukar kayana, na tarar an naɗe zanin gado, an buɗe taga. Fankar cikin kwamfutar tana ta juyawa. Yarinyar tana nan a allo, bakinta a ɗan buɗe, tana duban katifa.