Ranar da Baban Malama Ya Share Lambu

Tun da aka ɗauko tsohon daga gidansa aka kawo shi wurin 'yarsa, a hawa na uku na wani dogon bene, bai sami abin yi ba sai zaman bakin taga. Mutanen benen ba su san sunansa ba. Da yake 'yar tasa malamar makaranta ce, sai suka riƙa ce masa Baban Malama, su gaishe shi a matakala cikin ladabi, su wuce da sauri. Shi kuwa da fartanya a hannu ya tsufa, bai saba da gaisuwar da ba a tsayawa a yi ta ba. Dalilin kawo shi, jiri ne ya kayar da shi a tsakar gidansa, ya daɗe a kwance kafin Allah Ya jefo wani maƙwabci ya gan shi. Duk da haka ya riga ya yanke shawara, ya kuma faɗa wa 'yarsa: da zarar wata ya ƙare zai koma.

"Baba, ka koma wurin wa?" in ji Malama. "Gidan babu kowa fa."

"Nan ɗin akwai kowa ne? Ke kina makaranta, ni ina gadin kujera. In Allah Ya ƙaddara wata faɗuwar, gara ta same ni a inda nake da abin yi."

Malama ta san mahaifinta: in ya ce zai yi, sai dai wani ikon Allah.

Abu ɗaya ne yake riƙe shi a tagar nan. A bayan benen akwai wani fili, tsakanin katangar masallacin unguwa da bayan wani shagon ɗinki, kuma mutanen benen sun mai da shi lambu. Amma tunda yake bai taɓa ganin irin wannan lambun ba. Babu kunya ko ɗaya, babu layi. Masara ta tsaya, wake ya naɗe ta, kabewa tana rarrafe a ƙarƙashinsu. Barkono yana jikin tumatir, kuɓewa tana inuwar gwanda. Wani rami mai lanƙwasa ya ratsa filin kamar sawun maciji, kuma ruwan alwalar masallaci ta cikinsa yake bi har gindin ayaba. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ƙasar: ba a ganinta ko kaɗan. Busasshen ganye, ɓawon kayan miya, yagaggun kwalaye da ciyawa sun rufe ta ruf. Kullum da yamma sai ya ga mata da maza suna saukowa da bokitai, suna ƙara zuba wata sharar a kan ta jiya, suna hira suna dariya.

"Ikon Allah," yakan ce a ransa. "Ga shuka ta yi kyau, ga masu ita ba su san darajarta ba. To yaya aka yi ta yi kyau?"

Wata rana bayan sallar la'asar ya tambayi ladan sirrin lambun. Ladan ya ce, "Wallahi Baba, ni dai nawa ruwa ne. Ka tambayi Inna Tela, mai shagon can, ita ce uwar lambun." Baban Malama ya dubi shagon, ya ji ƙarar keken ɗinki, ya ga bai kamata mutum irinsa ya je tambayar tela yadda ake noma ba. Ɗan girman kai ne, irin wanda yake ɓuya a zuciyar mutanen kirki har su ɗauke shi kunya.

Sai ya ba kansa amsa: mutanen birni ne, ba su da lokaci, ba su kuma gaji abin ba. Daga nan wata niyya ta zo masa, kuma Allah Ya sani kyakkyawa ce. Ya ce kafin ya tafi zai bar musu sadakar ƙarfinsa, ya gyara musu lambun ba tare da sun roƙe shi ba, ba kuma don a gode masa ba.

Da hantsi, bayan mutanen benen sun watse, ya sauka a hankali yana dafa bango. Ya sami manjagara da wata tsohuwar fartanya a jingine a jikin katanga. Ya yi bisimilla ya fara. Da ƙarfe ya taɓa ƙasa sai ya ji jikinsa ya farka, kamar an kira shi da sunan da iyayensa suke kiransa. Ya ja ganyen ya tara, ya ɗaga kwalayen, ya tuge duk wani tsiron da bai gane ba, ya cike rabin ramin nan ya daidaita shi. Kusurwa ɗaya kawai ya bari, ta wajen ayaba, domin bayansa ya fara ciwo. Sannan ya ƙyasta ashana ya cinna wa tarin, ya tsaya yana kallon aikinsa. Fili ya fito fes, kowace shuka tsaye ita kaɗai a kan ƙasa mai tsabta.

Hayaƙin ne ya fito da Inna Tela. Mace ce mai jiki, ta manyanta, tef ɗin awo rataye a wuyanta. Ta tsaya a bakin lambun ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Baba, wa ya aike ka?"

"Babu wanda ya aike ni, Inna. Don Allah na yi."

"Don Allah!" Ta dubi sama, ta dube shi. "Shekara da shekaru muna lulluɓe ƙasar nan, ka zo ka tuɓe ta da safiya ɗaya?"

"Shara fa na kwashe."

"Sharar ita ce abincinta, ita ce rigarta!"

Ana cikin haka sai ga Dogo, direban motar haya da yake zaune a hawa na ɗaya, ya dawo karin kumallo. Ya leƙa, ya riƙe baki, ya ce, "Kai, Baba! Ai ka yi wa lambun aski har da gira."

"Rufe mana baki, Dogo," in ji Inna Tela.

Baban Malama ya gyara tsayuwa ya ce, "Ku gafarce ni, amma ni ba yau na fara noma ba. Tarin ganye gara yake kira, maciji kuma a nan yake kwana. Toka kuwa, ku tambayi kowa, taki ce."

"Tokar ba mu ƙi ta ba," in ji ta, muryarta ta sauka amma idonta ya kaɗa. "Rana ce za ta ba ka amsa, ba ni ba."

Ta juya ta koma shago. Bai ji ƙarar keken ba har ya gama hawa matakala.

Da Malama ta dawo ta riga ta ji labari tun daga ƙofar bene. Ta sami mahaifinta a kan darduma, ya juya wa taga baya. Ya ce, "Kin gani ko? Wurin da alherin mutum yake zama ɓarna, ba wurin zamansa ba ne." Malama ta shiga kicin tana share ido.

Kwanaki ya yi bai leƙa ba. Amma tambaya ba ta barin mai ita ya huta. Ran nan da azahar, rana tana tsakiya, ya ɗaga labule kaɗan. Abin da ya gani ya sa ya buɗe shi gaba ɗaya. Duk inda ya share, barkono ya sunkuyar da kai, ganyen kabewa ya yi laushi kamar tsumma, ko da yake ya ji ana ta ban ruwa safe da yamma. Kusurwar da ya bari kuwa tana nan shar, kamar ba rana ɗaya ce take dukansu ba.

Ya sauka. Ya durƙusa a kusurwar, ya cusa hannu ƙarƙashin ganyen, sai ya ji sanyi da danshi. Ya damƙo ƙasar: baƙa ƙirin, mai laushi, tana ƙamshi irin na farkon ruwan sama, tsutsar tana tana motsi a cikinta. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Mai fitar da rayayye daga abin da muka ce ya mutu." Sannan ya koma inda ya share, ya sa tsinke ya tona. Bai kai tsawon yatsa ba ya ci karo da fasasshen bulo da busasshen siminti. A nan ya gane cewa filin nan ba gona ba ne tun asali. Kowane damƙi na baƙar ƙasar nan, hannun mutane ne ya tara shi, bokiti bayan bokiti, shi kuwa ya ƙone na bana, ya bar na bara a rana.

Ya wanke hannu a famfon masallaci, ya nufi shagon ɗinki, ya yi sallama. Inna Tela ta amsa ba ta ɗago ba.

"Na zo neman gafara," in ji shi, "na kuma zo tambaya."

"Gafara ta Allah ce. Tambayar fa?"

"Kwalin nan, mene ne aikinsa?"

Ta tsayar da keken. "Yana hana ciyawa ganin rana, ta mutu a ƙasa ta zama taki. Shi ma daga baya ya ruɓe."

"Ramin fa? Me ya sa ya lanƙwashe?"

"Don ruwa ya yi tafiyar tsofaffi. In ya miƙe, gudu zai yi ya fice."

"Garar fa? Kada ki ce mini babu."

"Akwai ta. Tana da abin ci a ƙasa, me za ta nema a jikin shuka? Ta taɓa cinye mana gwanda ɗaya dai, ban ɓoye maka ba."

"Macijin?"

"Shi kam Dogo ne ya ce ya gani, Dogo kuwa ko igiya ya gani sai ya rantse." Bakinta ya motsa kaɗan. Ta tura masa kujera da ƙafa. "Zauna, Baba, tsayuwarka tana tsare mini haske."

Ya zauna, ya yi ta tambaya har aka kira la'asar. Wata ta amsa, wata ta ce ita ma ba ta sani ba, gwadawa suka yi suka ga ya yi. Da zai tashi ya ce, "To, yaya ake gyara abin da na ɓata?"

Ta nuna wani babban bokiti a bayan ƙofa. "Abin da mutane suke saukowa da shi ba zai rufe filin nan da wuri ba. Sai an bi gida gida an karɓo ɓawo, kada a zubar a kwandon shara. In da gaske kake, ga shi nan."

Baban Malama ya dubi bokitin. Shi da ake durƙusawa a gaishe shi, yau shi ne zai ƙwanƙwasa ƙofofin mutane yana roƙon ɓawon albasa? Zuciyarsa ta ce a'a. Amma ya san haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da istigfari kawai, sai an mayar. Ya sunkuya ya ɗauka.

Ƙofar farko ya yi sallama a ciki-ciki. Matar gidan, mai goyon tagwaye, ta ce, "La, Baban Malama ne da kansa? Wallahi ba ka tafiya sai ka sha ruwa." A ƙofa ta gaba aka tambaye shi me ya sa ganyen kuɓewa yake yin rawaya, ya faɗi abin da ya sani, ya ce sauran sai an tambayi Inna. Dogo ya buɗe tasa ƙofar ya ce, "A'a, wanzami ne? Yau dai ba na aski," sannan washegari ya cika bayan motarsa da buhunan ganye da dussar katako. A hawa na huɗu kuwa ya tarar da wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa. Mai Rediyo ya ga yadda yake haki, ya karɓe bokitin ya ce, "Kai ka yi sallama, ni in ɗauka. Muryarka ta fi tawa, ƙafata ta fi taka." Tun daga ranar tare suke zagayen, suna hutawa a kowane hawa, suna gardama a kan abin da bai kai a yi gardama ba.

Suka sake haƙa ramin, Inna Tela tana tsaye tana cewa a ƙara lanƙwasa. Suka shimfiɗa kwali, suka zuba ɓawo, suka rufe da ganye. Kabewar ba ta tashi ba, tumatir ma rabinsa ya tafi. Barkono ne ya ɗago kai a hankali.

Ran da wata ya cika, Malama ta ajiye masa shayi da safe, ta tsaya tana murza bakin mayafinta.

"Baba, wata ya ƙare. In yi wa Dogo maganar mota?"

Ya kurɓi shayin.

"Inna ta ce ƙasar nan ba za ta dawo yadda take ba sai an ga wata damina," in ji shi. "Mutum ba ya ɓata abu ya tafi ya bar wa wasu gyara. Haƙƙi ne." Ya sake kurɓa. "Kuma akwai wani farin abu da na gani jiya a ƙarƙashin kwali, siriri kamar zare, ya bazu ko'ina. Mai Rediyo ya ce saiwa ce, ni na ce ba saiwa ba ce, Inna ta ce a bar shi kawai. Ina so in ga abin da zai zama."

"To, maganar motar fa?"

"Ki bar ta tukuna."

Malama ta juya da sauri ta shiga kicin tana ɓoye murmushi. Daga can ƙasan matakala aka ji Mai Rediyo yana buga bokiti yana kira, "Baban Malama! Ko sai rana ta gama dafa mu?"

"Ga ni nan, sarkin gaggawa!" in ji shi, ya laluba takalmansa.